Gonar Makaranta da Makomar Ƙasar Nomanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu

  

     

Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan ilimi, kasancewar a cikinsa na yi aikina har na ajiye. Na zaɓi in taƙaita maganata a kan wani ɓangare guda na makaranta, wanda ba a cika tunawa da shi ba idan ana rabon gudummawa. Mun saba, idan aka ce a taimaki makaranta, sai hankalinmu ya tafi ga kwanon rufi da benci da allo da littattafai. Duk waɗannan wajibi ne, kuma wannan ƙungiya ta yi rawar gani a kansu, Allah ya saka da alheri. Sai dai akwai wani aji wanda ba shi da bango, ba shi da rufi, shi ne gonar makaranta. A yau ya fi kowane aji lalacewa, kuma asararsa ta fi ta sauran muni. Idan aji ya rushe, bulo da siminti za su tayar da shi. Fili kuwa idan aka yanka shi aka gina gidaje, ya tafi ke nan har abada.

Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, ƙasar noman garin nan ta gaji, kuma babu wurin da ya fi dacewa a koya wa magadanta yadda ake raya ta kamar gonar makaranta, muddin aka mayar da ita wurin gwaji da awo da rubutu.

Mene ne noma mai ɗorewa?

Masana suna yawan ambaton abin da suke kira noma mai ɗorewa. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, mutum ya ci daga gonarsa bana ba tare da ya cinye rabon baɗi ba, har ya miƙa ta ga ɗansa da ƙarfinta kamar yadda ya karɓe ta, ko ma fiye. Sunan ne sabo, aikin kuwa iyayenmu sun san shi. Sukan bar gona saura ta huta na wasu shekaru. Sukan yi yarjejeniya da Fulani su sauka da shanunsu a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba da hatsi. Sukan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, domin idan wannan ya ƙi wancan ya yi. Ba sa kuma sare gawo da ɗorawa da kaɗanya da suka tarar a cikin gona.

A kewayen birnin Kano, inda jama'a ta yi yawa tun da daɗewa har babu halin barin saura, manoma sun riƙa ɗora wa jakuna mangala suna kwaso toka da shara da kashin dabbobi suna zubawa a gona. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin waɗannan gonaki. Ya nuna wa duniya cewa ana nome su kowace damina ba hutu, amma ba su mutu ba, saboda an haɗa shuka da dabba da itace suna ciyar da juna.

To, me ya sauya? Da farko dai mun ƙaru. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 kuwa miliyan 140. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suka raba ta, babu wanda zai iya barin tasa saura. Na biyu, da an gama girbi sai a kwashe kara kakaf, don girki da danga da abincin dabbobi, a bar ƙasa tsirara iskar hunturu da guguwar bazara su yi ta ɗibar ta. Na uku, gatari da buhun gawayi sun cinye itatuwan da ke tare iska. Na huɗu, takin zamani ya zo mana da rahusa a shekarun 1970 saboda tallafin gwamnati, sai da yawa daga cikinmu suka saki takin gida.

Farin 1973 da na 1984 sun nuna mana yadda ƙasar da ba ta da ƙarfi take saurin ba da kai. Haka nan a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin takin zamani a duniya, da kuma 2023 da aka janye tallafin man fetur kuɗin dako ya hau, manoma da yawa sun shuka gonakinsu babu ko tiya ɗaya ta taki. Takin zamani yana ciyar da shuka ta wannan damina, amma ba ya mayar wa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba, waɗanda su ne ke sa ta riƙe ruwa ta yi laushi. Shi ya sa za ka ji manomi yana cewa gonar da buhu biyu ke isar ta a da, yanzu ko uku ba ta ji.

Gonar makaranta jiya da dalilin mutuwarta

Waɗanda suka yi firamare a shekarun 1960 da 1970 sun san cewa da wuya ka sami makarantar karkara da ba ta da gona, kowane aji da kunyoyinsa. A kwalejojin horon malamai an koya mana aikin gona kamar yadda aka koya mana lissafi da dabarun koyarwa, domin ana sa ran duk inda aka tura malami zai iya riƙe gonar makarantarsa. A 1976, shekarar da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka ƙarfafa wa makarantu gwiwa su yi noma. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin a 1980. Ƙungiyoyin matasa manoma sun yi tashe a makarantu a wancan lokaci.

Ruwa ba ya tsami banza. A ganina abubuwa biyar ne suka kashe gonar makaranta. Na ɗaya, an mayar da ita wurin horo. Yaron da ya makara ko ya yi surutu a aji, sai a miƙa masa fartanya. Wanda aka hukunta da noma shekara shida, yaya za a yi ya tashi yana ganin darajar noma? Na biyu, a wurare da yawa yara sun yi wahala, amma ranar girbi ba su san inda amfanin ya shiga ba. Iyaye suka lura, suka ce ba su kawo 'ya'yansu makaranta don su yi wa wani ƙwadago ba, kuma suna da gaskiya. Na uku, jarrabawa ta koma ta takarda zalla, sai darasin aikin gona ya koma kan allo, yaro ya haddace sunayen kayan aiki da Turanci alhali bai taɓa auna tazarar shuka ba. Na huɗu, dogon hutu yakan faɗo a tsakiyar damina, daidai lokacin da gona ta fi bukatar hannu, sai a dawo a tarar ciyawa ta ci ta. Na biyar, gari ya faɗaɗa, kuma filayen makarantu da yawa ba su da shinge, ba su da takarda. Yau an ci kamu biyu, gobe an yi hanya, jibi an kafa harsashi.

Na lissafa waɗannan ne domin duk wanda zai raya gonar makaranta ya san ramukan da aka faɗa a baya.

Abin da yaro zai koya

Yaron ƙauye ba ya bukatar makaranta ta koya masa riƙon fartanya, a gida ya koya. Abin da makaranta za ta ƙara masa shi ne ya san dalilin abin da yake yi, ya iya gwada hanya biyu ya auna wadda ta fi. Ga yadda nake ganin tsarin.

Darasi na farko, ƙasa da taki. A yanka fili huɗu a jere, kowanne mita 10 a tsaye mita 10 a kwance. A shuka iri ɗaya, rana ɗaya, tazara ɗaya. Na farko kada a sa masa komai. Na biyu a sa takin gida kaɗai. Na uku takin zamani kaɗai. Na huɗu a haɗa takin gida da ɗan takin zamani kaɗan. Yara su riƙa auna tsayin shuka kowane mako suna rubutawa, ranar girbi a ɗora amfanin kowane fili a kan sikeli a gabansu. Fili irin wannan kashi ɗaya ne cikin 100 na hekta, saboda haka duk abin da ya bayar, a ninka shi sau 100 an sami na hekta guda. A maimaita shekara uku ko huɗu, domin damina ɗaya ba ta isa shaida. Gani ya kori ji. Yaron da ya auna da hannunsa, babu mai tallan da zai ruɗe shi.

A gefen gonar a haƙa ramukan taki. A jera busasshen ganye da kara da kashin dabbobi da toka, hawa-hawa, ana yayyafa ruwa, ana juyawa bayan kowane mako biyu ko uku, cikin wata biyu zuwa uku ya nuna. Yara su koyi tsince leda da kwalba da tsohon batir, domin sharar yau ba irin ta zamanin mangala ba ce. Su kuma koyi karanta abin da ke rubuce a jikin buhu. Buhun yuriya mai kilo 50, kashi 46 cikin 100 ne sinadarin naitirojin, wato kilo 23. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7 da rabi na kowane ɗaya daga sinadarai uku. Masu bincike na cibiyar ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa ɗan taki kimanin cikin murfin kwalbar lemo, idan aka sa shi a ramin shuka, yana ƙara amfanin gero ƙwarai, maimakon a watsa shi ko'ina iska da ruwa su kwashe. Wannan ilimi ne na talaka, kuma fili na huɗu zai gwada shi.

Darasi na biyu, wake da gyaɗa. A tumɓuke gindin wake ko gyaɗa ko waken suya a wanke saiwar, a nuna wa yara 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikinta. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ke ɗebo naitirojin daga iska su ba shuka, irin abin da muke saye a buhun yuriya. Daga nan yaro zai gane hikimar kakansa ta haɗa hatsi da wake, da hikimar juya shuka, bana dawa baɗi gyaɗa. A nan ne kuma za a yi maganar wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Gindi ɗaya nata yana zubar da 'ya'ya dubbai masu yawa, suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar dawa ko gero ko masara, kuma ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Waken suya da auduga suna yaudarar 'ya'yanta su tsiro, su rasa abin kamawa su mutu. Wanda ya cire ta kafin ta yi fure ya rage wa gonarsa wahalar shekaru.

Darasi na uku, itace a cikin gona. Misali mafi kusa da mu yana Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Bayan an yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, a 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sarewa kowace shekara lokacin sassabe toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Shi da manoman yankin suka fara zaɓen toho mafi ƙarfi daga kowane kututture, su sare sauran, su riƙa yi masa aski har ya zama itace. Suka kira abin sassaben zamani. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban-ruwa ba. Binciken da aka yi daga baya da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna dabarar ta game kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Waɗanda suka yi wannan aiki Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Kalgo da sabara da magarya da aduwa suna nan a gonakinmu suna toho kowace shekara, muna sare su. A ba kowane aji kututture biyar ya rena. A kuma nuna musu gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Su auna geron da ke ƙarƙashinsa da wanda ke nesa da shi, su faɗa mana abin da suka gani.

Darasi na huɗu, ruwa. A kafa ma'aunin ruwan sama a filin makaranta, yaro ɗaya ya riƙa karantawa kowace safiya bayan an yi ruwa. Milimita 1 na ruwan sama lita 1 ce a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Idan yaro ya lissafa yawan ruwan da ke sauka a gonarsu a dare ɗaya, zai fara tambayar ina yake tafiya. Amsar ita ce darasin kunya a gicciye da gangare, da jera duwatsu, da rabin-wata, da tassa. Tassa ƙananan ramuka ne da ake haƙawa a fako da rani, a zuba tafin taki a ciki, gara ta yi hanyoyi a ƙarƙashi, ruwan farko ya taru ya nutse maimakon ya gudu. Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya rasu a 2023, ya yi suna a duniya saboda gyara wannan dabara, kuma a 2018 an ba shi wata babbar lambar yabo ta duniya a shekara ɗaya da Rinaudo. Manoman Illela ta jihar Tawa sun ɗauko ta a ƙarshen shekarun 1980, suka mayar da fako gona. Littafin ruwan sama na shekara 10 kuwa dukiya ce ga gari baki ɗaya, domin shi zai nuna mana ko lokacin shukarmu ya gusa.

Darasi na biyar, iri da ajiya. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan 'yan kwanaki a ƙirga waɗanda suka tsiro. Wannan ɗan gwaji ya isa ya tserar da mutum daga asarar damina. A shuka irinmu na gado kusa da ingantaccen iri, kamar na gyaɗa da wake da dawa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa, wadda tarihinta ya faro tun 1922, ko geron SOSAT mai saurin nuna. A gwada su kafaɗa da kafaɗa, kada a yar da na gida, kada a ƙi na waje. Bayan girbi sai ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda muke kira fiya-fiya. Waken da Turawa suka ƙi, mu da 'ya'yanmu muke cin irinsa. Alhali akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. Idan wake ya bushe sosai aka ɗaure kowane ninki da kyau, ƙwaro yakan rasa iska ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. A cika buhu biyu, ɗaya irin wannan ɗaya na yau da kullum, a buɗe su bayan wata huɗu a gaban iyaye.

Za ku lura cewa a cikin waɗannan darussa akwai lissafi da kimiyya da rubutu. Yaron da ya gano cewa tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da 25 tsakanin rami da rami, tana ba da ramin masara 53,333 a hekta, ya yi lissafin da ya fi na allo zama a ƙwaƙwalwa.

Amsa ga masu shakka

Wani zai ce, ni ɗana likita nake so ya zama. Allah ya cika buri. Amma likita da injiniya da alƙali duk da lura da awo da rubuta gaskiyar abin da aka gani suke aiki, kuma wannan tarbiyya ce gonar gwaji ke bayarwa. Sa'an nan mu faɗa wa kanmu gaskiya, mafi yawan yaran da ke firamaren garin nan da gona za su rayu, ko ita kaɗai ko tare da wata sana'a. Wani kuma zai ce, ina ruwan 'ya'ya mata? To, su wa ke kiwon awaki da tumakin da ke ba da takin? Su wa ke ajiyar wake da gyaɗa, su sarrafa su? Yarinyar da ta san illar fiya-fiya ta tsare lafiyar gida guda.

Ku da kuke birni kuma, kada ku ɗauka maganar ta tsaya ga na gida. Tsadar kwanon gero a kasuwannin Kano da Abuja daga gonakin irin garinmu take farawa. Kusan kowane ɗayanku yana da gonar gado a nan, a hannun ƙane ko ɗan'uwa, kuma saƙon kuɗin taki yana iso ku kowace bazara. Da yawanku kuma nan za ku dawo idan kun ajiye aiki. Irin ƙasar da za ku tarar ta dogara ga abin da yaran yau suka koya.

Roƙona ga wannan ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon abubuwa shida.

1. A tsare filin. Tare da mai girma Hakimi da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a kawo safiyo ya auna filin kowace makaranta a ƙasar nan, a kafa duwatsun iyaka, a yi takarda, ƙungiya ta ajiye kwafi. Lauyoyi da ma'aikatan filaye da ke cikinmu, wannan aikinku ne, kuma shi ne mafi gaggawa.

2. A kewaye shi. Idan waya ta yi tsada, a fara da shingen bini-da-zugu da zogale da darbejiya, wanda shi kansa darasi ne.

3. A fara da makaranta ɗaya, da fili kaɗan. A sayi sikeli da igiyar awo da ma'aunin ruwan sama da littattafan rubutu da ƙananan kayan aiki daidai hannun yara. Kuɗin waɗannan duka bai kai na rufin aji ɗaya ba.

4. A tura malamai biyu su sami horo na ɗan lokaci a wurin malaman gona, a kuma gayyato Sarkin Noma da dattawan manoma su riƙa shiga darasi. Abin da tsoho ya sani game da ƙasar garin nan babu shi a littafi.

5. A rubuta ƙa'ida, a manna ta a ofishin hedimasta. Ba a hukunta yaro da aikin gona. Aikin ba ya wuce lokacin da aka ware masa a jadawali. Yaro ba ya taɓa maganin feshi. Ana auna amfanin gona a gaban ɗalibai da wakilan iyaye, a karanta lissafinsa a taron iyaye da malamai, a kashe kuɗin a kan abin da yara za su gani da idonsu.

6. A yi tanadin dogon hutu. A tsara yaran da ke kusa su riƙa zuwa bi da bi tare da malami ɗaya, ƙungiya ta ba malamin ɗan abin sabulu. Inda akwai rijiya, a ƙara da lambun rani, domin shi yana faɗowa a tsakiyar zangon karatu.

Ina kuma ba da shawarar a kafa kwamiti na mutum biyar kafin a watse daga wannan taro, ya kawo rahoto a taron baɗi, a buga sakamakon filayen gwajin nan huɗu a wannan mujalla tamu, da lambobinsa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Kammalawa

Jama'a, Hausawa sun yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya shi ya tarar. Mun tarar da shi ne domin waɗanda suka gabace mu ba su cinye ƙasar ba, sun bar mana ita da ranta. Malamanmu sun sha karantar da mu ladan wanda ya shuka abin da mutum ko tsuntsu ko dabba za su ci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran da za su riƙe gonakinmu nan da shekara 20 suna zaune a aji uku da aji huɗu a yau. Filin da za a koya musu yana nan tukuna, amma ba zai jira mu ba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ja zamanin mai girma Hakimi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.